Wa ke sauraron injin jirgi idan ya lula sama?

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji wurin tsohon bakanike ya ga wannan. Ba ya fara kwance komai. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotarta a kunne, ya yi shiru. Can ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya zagaya baya ya dubi launin hayaƙin salansa. Kafin a kwance noti ɗaya ya riga ya gaya maka boris ne ko ringi.

Injin jirgin sama ma abin da ake yi masa ke nan, sai dai shi babu mai iya tsayawa kusa da shi yana aiki. Yana rataye a ƙarƙashin fiffike, ƙafa 35,000 daga ƙasa, sanyin waje ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, cikinsa kuwa wuta ce ke ci. Saboda haka aka mayar da kunnen bakanike da hancinsa da yatsunsa na'urori, aka dasa su a jikin injin. Kowacce daga cikinsu shaida ce, tana faɗin abin da ta gani daga inda take tsaye. Kuma kamar a gaban alƙali, bakin shaida ɗaya ba ya yanke hukunci.

Sai an san fasalin injin kafin a gane abin da ake aunawa. Babbar fankar da fasinja ke hangowa ta taga ita ke zuƙo iska. Mafi yawan iskar ta gefe take bi ta fice baya, kuma ita ce ke ba da galibin ƙarfin da ke tura jirgi. Ragowar takan shiga ciki, inda jerin ƙananan fankoki da ake kira kwamfireso ke matse ta, kowane layi ya miƙa wa na bayansa, har ta yi zafi tun ba ta ga wuta ba. Daga nan a fesa mata man jirgi, ɗan'uwan kananzir, ta kama ci ba ƙaƙƙautawa. Iskar da ta ƙone ta fito a guje ta bugi wasu fukafukai na baya, su ne tabayin, su kuma su juya shaf, wato doguwar sandar ƙarfen da ke juya kwamfireso da fankar gaba. Inji ne mai ciyar da kansa.

A yawancin injina shaf biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya kamar kara a cikin bututu, kowanne da gudunsa. Gudun mai ɗauke da fanka shi ake kira N1, na mai ɗauke da zuciyar injin kuma N2. Manyan injinan Trent na kamfanin Rolls-Royce shaf uku gare su, don haka suna da N3. A injin CFM56-7B na jirgin Boeing 737, idan allo ya nuna N1 ya kai kashi 100, fanka na juyawa sau 5,175 ke nan a minti, N2 kuma sau 14,460. Auna wannan ba wuya: wani faifai mai haƙora ne ke juyawa tare da shaf, gefensa an kafa mayen ƙarfe da aka naɗe da waya. Duk haƙorin da ya gifta sai wutar lantarki ta motsa sau ɗaya, kwamfuta ta ƙirga.

Zafi, da rarar da ke zaizayewa

Shaidar da injiniyoyi suka fi ji da ita ita ce ta zafi. A injinan zamani, iskar da ke fitowa daga ɗakin wuta takan haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos lokacin tashi, alhali gaurayen ƙarfen nikel da ake ƙera fukafukan tabayin da shi yana fara narkewa tun wajen digiri 1,300. Wato fiffiken yana zaune ne a cikin wutar da ta isa ta narka shi. Abin da ke cetonsa shi ne cikinsa a rarake yake, an huda masa ƙananan ramuka kamar na rariya, ana turo iska daga kwamfireso ta bi ta cikinsa ta fito ta lulluɓe shi, sannan an shafe bayansa da siririn rufi irin na tangaran. Ita kanta iskar da ake sanyaya shi da ita ta kai ɗaruruwan digiri; sanyinta na kwatance ne kawai.

Babu ma'aunin da zai yi ƙarko a wannan wuri, don haka ba a nan ake aunawa ba. Ana ja da baya zuwa inda iskar ta riga ta sauke wani ɓangare na ƙarfinta ta ɗan huce, a jera ma'aunai kewaye da bututun. Kowane ma'auni wayoyi biyu ne na ƙarfe mabambanta da aka haɗe bakinsu wuri guda. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a 1821. Wutar ba ta taka kara ta karya ba: ko a digiri 900, batirin tocila ya ninka ta kusan sau 40. Amma da ita ake sanin abin da matuƙi ke gani a allo da sunan EGT, mu ce zafin salansa. A CFM56-7B jan layinsa lokacin tashi digiri 950 ne.

Sai dai ba a jan layin gizo ke saƙar ba. Injiniya ba ya jiran allura ta taɓa shi. Abin da yake bibiya shi ne rarar da ta rage tsakanin jan layi da zafin da injin zai kai idan ya tashi da cikakken ƙarfi a rana mai zafi. Sabon inji da rara mai yawa yake zuwa. Yana aiki tana zaizayewa: bakin fukafukai na cinyewa, giɓin da ke tsakaninsu da bango na buɗewa, iska na sulalewa ta nan ba ta yi aikin komai ba, dauɗa na manne wa kwamfireso. Don injin ya ba da ƙarfin da ya bayar jiya, yau sai ya ƙara shan mai, ƙarin mai kuwa ƙarin zafi ne. Dattijo da saurayi idan suka hau tudu ɗaya duk za su kai, haki ne zai bambanta. Ranar da rarar ta kusa ƙarewa, ranar ake sauke inji a kai shi garambawul, aikin da kan lashe miliyoyin daloli. Shi ya sa kamfanoni ke lallaɓa ta. Wanke cikin inji da ruwa yakan dawo da 'yan digirori, kuma in titi na da tsawo, kaya ba su yi nauyi ba, matuƙi ba ya tashi da cikakken ƙarfi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Injina da yawa an tsara su ne su ba da cikakken ƙarfinsu har zafin gari ya kai digiri 30. Da ya wuce haka, kwamfutar injin za ta fara rage ƙarfi don kada salansa ta ƙetare iyaka. Wanda ya san azahar ɗin Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu ya san digiri 30 wasan yara ne. Ga kuma ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Mu hazo muke gani, mu ji an soke tashin jirage. Inji kuwa shaƙa yake yi. Manyan ƙwayoyin su goge fukafukan kwamfireso kamar samfefa, ƙananan su wuce cikin wuta su narke, su manne a tabayin, su toshe ramukan nan na sanyaya. Kamfanonin jiragen ƙasashen Larabawa sun daɗe suna kuka da wannan. A baje kolin jirage na Dubai na 2023, shugaban Emirates, Tim Clark, ya fito fili ya soki injin Rolls-Royce na jirgin A350-1000 cewa ba ya daɗewa a irin yanayinsu kafin ya nemi gyara.

Shaida takan yi ƙarya ba da niyya ba

A wasu injinan, musamman na Pratt & Whitney da Rolls-Royce, ba gudun fanka ake kallo a san ƙarfin da inji ke bayarwa ba. Matsin iskar baya ake kwatantawa da na gaba, abin da ya fito shi ne EPR. Ranar 13 ga Janairun 1982 wani Boeing 737 na kamfanin Air Florida ya yi shirin tashi daga birnin Washington ana zuba dusar ƙanƙara. Matuƙan ba su kunna na'urar ɗumama bakin inji ba, ƙanƙara ta toshe 'yar ƙofar da ke auna matsin gaba. Suka tura totur har allura ta nuna 2.04, adadin da suke nema, alhali abin da injinan ke bayarwa wajen 1.70 ne. Tun suna gudu a titi mataimakin matuƙi yake ta cewa abin nan ba daidai ba ne, kyaftin ya ce daidai ne. Agogon N1 da na N2 da na zafi da na shan mai duk suna ƙasa da inda ya kamata su kasance. Shaidu huɗu sun saɓa wa ɗaya, aka bi ɗayan. Jirgin ya ɗaga da ƙyar, ya bugi gadar da ke kan kogin Potomac ya faɗa ruwa. Mutum 78 suka rasu, huɗu daga ciki masu mota ne da ke kan gadar.

Labarin jijjiga ya fi wannan tsawo. Na'urar da ke jin ta ɗan ƙaramin ƙarfe ne, a cikinsa akwai wani irin dutse mai fitar da lantarki idan aka matsa shi, halin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a 1880. Ana ɗaure ta kusa da boris ɗin fanka, wata kuma a jikin bangon injin ta baya. Lafiyayyen inji ma yana jijjiga, ga ƙarar iska ga ta wuta, saboda haka dabarar tana wurin tacewa. Tunda kwamfuta ta san shaf ɗin fanka na juyawa kamar sau 86 a daƙiƙa, ɗayan kuma sau 240, sai ta duba wace jijjiga ce ke tafiya da wane bugu, yadda makaɗi ke ware sautin kalangu daga na ganga a tsakiyar taro. In ta fanka ce, wataƙila tsuntsu ne ya lanƙwasa fiffike, ko ƙanƙara ta taru, ko nauyi ne ya karkata gefe guda. Na ƙarshen ana gyara shi a ƙasa da 'yan sukurori masu nauyi daban-daban da ake ɗaurawa a hancin fanka, kamar yadda mai balansin taya ke liƙa dalma a rim.

Daren 8 ga Janairun 1989, jirgin British Midland mai lamba 92, sabon Boeing 737-400 da bai fi 'yan watanni da fara aiki ba, ya tashi daga Heathrow a Landan zuwa Belfast da mutum 126. Yana cikin hawa, wajen ƙafa 28,000, fiffike ɗaya na fankar injin hagu ya karye. Jirgi ya ɗauki rawa, ƙauri ya shigo. Kyaftin ya tambayi mataimakinsa wane inji ne. Na'urar naɗar murya ta riƙe amsar: ya fara cewa na hagu, bai ƙarasa kalmar ba ya juya ya ce na dama. Suka ja totur ɗin dama baya.

Sai rawar ta lafa. Mugun gamon ke nan. Wajen janye totur ɗin sun cire na'urar da ke sarrafa shi da kanta, ita ce kuwa ke ta ɗura wa injin hagu mai don ya riƙe gudunsa. Da ta daina, sai injin ya daina tari, su kuma suka ɗauka maganinsu ne ya ci. Suka kashe lafiyayyen inji, suka juya zuwa filin jirgin East Midlands da mai ciwon.

Agogon jijjigar injin hagu bai ɓoye komai ba: ya haura har ƙarshen ma'auninsa, ya yi mintoci a can. Me ya hana a gan shi? A sabon samfurin an maye gurbin tsofaffin agoguna masu allura da wasu ƙanana na lantarki, abin nunin ɗan ɗigon haske ne mai zagaya bayan da'ira, agogon kansa bai fi sulalla ba. Matuƙan ba su taɓa atisaye a na'urar kwaikwayon jirgi mai irin wannan allo ba. Sannan kyaftin ya daɗe yana tuƙa wani samfurin jirgi, DC-9, inda aka san ma'aunin jijjiga da rashin gaskiya, har ya saba ba ya kallonsa. Shaidar da aka saba ji tana shirme, ranar da ta faɗi gaskiya ba a ko waiwaye ta ba.

A baya kuwa fasinjoji da idonsu suka ga tartsatsi da wuta na fita daga injin hagu, kuma da kunnensu suka ji kyaftin ya sanar cewa na dama aka kashe. Wasu sun yi mamaki, amma kowa ya ɗauka matuƙi ya fi shi sani. Dab da sauka, da aka ƙara wa injin hagu wuta, ya mutu gaba ɗaya, lokacin tayar da na dama kuma ya ƙure. Jirgin ya daki gangaren babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, suna hangen titin sauka. Mutum 47 suka rasu.

A ganina babu abin da ya kai wannan haɗari nuna cewa aunawa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yadda za a sa ɗan'adam da ke cikin ruɗu ya gani, ya kuma yarda. A jiragen yau, adadin da ya ƙetare iyaka launinsa ke sauyawa zuwa ruwan ɗorawa ko ja, allo ya rubuta lambar injin ƙuru-ƙuru, kuma ba a kashe inji sai matuƙan biyu sun tabbatar wa juna wane ne. Ana kuma koya wa ma'aikatan cikin jirgi su faɗi abin da suka gani ko ba a tambaye su ba. Duk da haka shawara tana hannun mutum. A haɗarin Dana Air na 3 ga Yunin 2012, binciken hukumar Nijeriya ya nuna injin farko ya daina ba da ƙarfi tun ba a daɗe da barin Abuja ba, aka ci gaba da tafiya zuwa Legas maimakon a nemi filin da ya fi kusa, na biyu ya bi sahu dab da sauka.

Abin da baƙin mai ke kawowa

Mu sauko ƙasa. Da dare, bayan jirgi ya gama zirga-zirgar yini, injiniya zai buɗe murfin inji, tocila a goshi, ya murɗo wani ɗan fulogi daga bututun da baƙin mai ke bi ya koma tanki. (Suna ne kawai baƙi, sabon man injin jirgi garau yake kamar man gyaɗa.) A bakin fulogin akwai mayen ƙarfe. Sai ya kawo shi gaban haske, wani lokaci har da gilashin ƙara girma. In laushin baƙin gari ya gani kamar kwalli, cin yau da kullum ne. In kuwa ya ga 'yan ɓarɓashi masu sheƙi, falle-falle kamar ɓawon kifi, to ruwa ba ya tsami banza: wani boris ya fara ɓarewa. Zai ɗauke su da salatif ya manna a kati, ya rubuta lambar inji da awannin da ya yi, a aika ɗakin gwaji. Can za a gane irin ƙarfen, daga irin ƙarfen kuma a san ko boris ne ko haƙoran giya.

Mai shi ne kaɗai ke shiga kowane lungu ya dawo da labari. A sababbin injina akwai fulogin da ke kunna alama da kansa idan ɓarɓashi ya taru, akwai kuma na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin ƙarfe suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ana auna matsin man, da zafinsa, da yawansa, da ko filta ta fara toshewa. Ko gwangwanin da aka ƙara sai an rubuta, domin injin da ya fara shan baƙin mai fiye da yadda ya saba yana da magana a bakinsa.

Wani lokaci ma labarin wani yake kawowa. Ranar 24 ga Agustan 2001 wani Airbus A330 na kamfanin Air Transat yana tsakiyar tekun Atlantika daga Toronto zuwa Lisbon, matuƙan suka ga baƙin man injin dama ya yi sanyi, matsinsa kuma ya hau. Haɗi ne da ba a saba gani ba, suka fi zaton na'ura ce ta rikice. Ashe bututun man jirgi ne ya fashe. Man jirgi mai sanyi da ke bi ta wurin sanyaya baƙin mai ya ƙaru fiye da kima, baƙin man ya yi kauri. Kafin su tabbatar yoyo ne, tankuna sun ƙafe, injina biyu suka mutu, suka sulalo da jirgin haka nan zuwa Lajes a tsibiran Azores. Mutum 306 ne a ciki, ba wanda ya rasu.

Duk waɗannan wayoyi suna tararwa ne a kwamfutar da ke ɗaure a jikin injin, FADEC, mai ƙwaƙwalwa biyu, kowacce da nata wayoyin, in ɗaya ta gaza ɗaya ta karɓa. A da akwai mutum na uku a gaban manyan jirage, injiniyan tafiya, wanda cikin aikinsa har da kallon agoguna da rubuta alƙaluma a takarda. Jirage irin su Boeing 767 da Airbus A310 na farkon shekarun 1980 ne suka fara ɗauke wannan kujera. Yau jirgin da kansa yake ɗaukar alƙaluman, a lokacin tashi, da hawa, da bayan ya daidaita a sama, ya aika ƙasa ta rediyo ko tauraron ɗan'adam ta tsarin ACARS, wanda aka fara amfani da shi a 1978. Rolls-Royce na da cibiya a garin Derby na Ingila da ke karɓar irin wannan dare da rana, sauran manyan maƙeran ma kowa da tasa.

Abin da ake yi da alƙaluman ya fi tara su muhimmanci. Ba a ɗauko tashin Kano da azahar a kwatanta da tashin Jidda da asuba haka kawai. Sai an cire tasirin zafin gari da tudun wuri, a mayar da su kamar rana ɗaya aka yi su. Sannan a jera ɗigo ɗaya ga kowace tafiya, a ga inda layi ya dosa. Hawa a hankali cikin watanni tsufa ne. Tsalle tsakanin jiya da yau kuwa wani abu ya faru. In zafi ya hau, shan mai ya hau, N2 ya sauka, galibi tabayin ake zargi. In zafi ne kaɗai ya yi tsalle sauran suna nan inda suke, ma'aunin ake fara tuhuma kafin injin. A mafi yawan lokuta duk wannan na faruwa ne allurar matuƙi ba ta ko kusanci jan layi ba, fasinja bai ji komai ba.

Ba don Allah kawai kamfanoni ke wannan ɗawainiya ba. Tun 1962 kamfanin Bristol Siddeley, wanda Rolls-Royce ya saya daga baya, ya ɓullo da tsarin biyan kuɗin kula da inji gwargwadon awannin da ya yi a sama. A irin wannan yarjejeniya, in inji ya lalace maƙerinsa ne ke asara, don haka shi ya fi kowa son ya ji tarin farko. Akwai kuma doka. A da ba a yarda jirgi mai inji biyu ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka ba. Aka kai shi minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988, bisa sharaɗin kamfani ya riƙa bibiyar lafiyar injinansa da shan baƙin mansu, kuma ga mai neman minti 180, kada mutuwar inji a sama ta wuce sau 2 a awa 100,000.

Idan layi ya karkace, gani ya kori ji. A jikin inji akwai ƙananan ƙofofi da aka toshe da fulogi, a nan ake zura siririyar kyamara mai fitila a baki, wadda ake lanƙwasa kanta daga waje. Mutum ɗaya na juya shaf a hankali, ɗaya ya zuba wa allo ido, fukafukai na giftawa ɗaya bayan ɗaya: wannan lafiya, wannan rufinsa ya ɓare, wannan bakinsa ya ƙone. A tsaya, a auna tsawon tsagar, a duba littafin maƙeri a ga ko za ta iya ƙara tafiya nawa kafin a sake leƙawa. Aiki ne mai cin awanni, mai gajiyar da ido.

Inda babu shaida

Akwai ciwon da duk waɗannan na'urori ba sa ji sai ya riga ya yi ɓarna. Ranar 4 ga Nuwamban 2010, mintoci kaɗan bayan wani jirgin A380 na kamfanin Qantas ya bar Singafo da mutum 469, wani ɗan bututun baƙin mai da aka huda a karkace tun a masana'anta ya tsage a cikin injin Trent 900. Mai ya kama wuta, faifan tabayin, wato ƙarfen da aka dasa fukafukai a gefensa, ya rabu da shaf ɗinsa, ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa ya tarwatse, gutsattsarinsa suka ratsa fiffiken jirgin. Allah ya kiyaye, suka sauka lafiya. Tsakanin fara wutar da fashewar ba a samu lokacin da wani a Derby zai zana layi ba. Abin da aka yi daga baya shi ne an koya wa kwamfutar injin ta datse mai da kanta idan ta hango irin wannan gudu.

Faifai shi ne abin tsoro. An ƙera bangon inji ya tare karyayyen fiffike, amma babu bangon da ke tare faifan da ya fashe. Tsagar da ke cikinsa kuma ba ta ƙara zafi, ba ta jijjiga, ba ta zubar da ɓarɓashi a mai. Shi ya sa faifai ba a sauraronsa, ƙirga masa kwana ake yi: kowane tashi da sauka zagaye ɗaya ne, in ya cika adadin da aka yanka masa a cire shi ko da sheƙi yake. A 2023 Pratt & Whitney ya sanar cewa garin ƙarfen da aka ƙera wasu faya-fayan injinansa na A320neo da shi ya gurɓata; babu agogon da zai faɗi wanne ne ya kamu, sai da aka ajiye ɗaruruwan jirage ana kwancewa ana dubawa.

Tsakanin garambawul da garambawul, abin da ake da shi shi ne idon mai dubawa. Ana jiƙa faifai da wani ruwan rini mai shiga kowace tsaga, a goge, a haska shi da fitila ta musamman a ɗaki mai duhu. Inda tsaga take sai ta yi haske kore. Ranar 19 ga Yulin 1989 faifan fankar injin wutsiya na wani DC-10 na United Airlines ya fashe a sararin jihar Iowa ta Amurka, ya datse bututun man sarrafa jirgin duka uku. Matuƙan suka kai shi Sioux City da totur kaɗai. Cikin mutum 296, 112 suka rasu. Sai bayan kusan wata uku aka tsinci faifan a wata gonar masara. Tsagar ta faro ne daga wani ɗan aibi da ke cikin ƙarfen titaniyom tun ranar da aka narka shi, ta yi shekaru tana girma. Da masu bincike suka duba cikinta, sai suka tarar da sauran rinin da aka jiƙa faifan da shi a dubawar ƙarshe ta 1988.